Mita da Kilohaz: Darasi a kan Lissafin Neman Tasha a Akwatin Rediyo

Zuwa ga iyayenmu hakimai, Allah ya ja zamaninku, da malaman da ke riƙe da alƙalami a ofisoshinku. 

Kun sani sau da yawa takarda ta kan zo cewa ran kaza da ƙarfe kaza za a karanta wata sanarwa a rediyo, ko ta allurar rigakafi, ko ta yadda a ke sa ran damina za ta kasance, ko ta rajistar masu zaɓe. A gindin takardar a kan rubuta lambar da za a sami tashar. To, a nan ne a kan sami cikas. Takarda ta ce kilohaz kaza, malam ya duba fuskar akwati ya ga mita aka rubuta. Ko kuwa takarda ta ce mita kaza, akwati kuma ba ya nuna kome sai megahaz. Dagatai da masu unguwanni sun hallara, ana ta murɗa allura gaba da baya, har lokaci ya wuce ba a ji kome ba. Kowa ya koma gida hannu rabbana, kashegari kuma sai jita-jita ta cika kasuwa a madadin labarin gaskiya.

Maganin wannan ɗan lissafi ne wanda bai fi ƙarfin duk wanda ya iya rabawa ba. Lamba ɗaya ce tak za a riƙe, watau 300,000. Wanda ya riƙe ta, ya san dalilinta, ba wata takarda da za ta sāke rikita shi.

IGIYAR REDIYO

In mutum ya jefa dutse cikin tafki, ya kan ga igiyoyin ruwa suna tashi daga inda dutsen ya fāɗa, suna bin juna zuwa gaɓa. Ko wace igiya tana da tozo, bayan tozon kuma akwai kwari, sa'an nan wani tozon. Abu biyu a ke iya aunawa a nan. Na fari, ana iya auna ratar da ke tsakanin tozo da tozon da ke bin sa. Wannan shi ne tsawon igiya. Na biyu, ana iya kafa sanda cikin ruwan a ƙidaya tozo nawa ne ya bugi sandar cikin sakan ɗaya, watau kashi ɗaya cikin sittin na minti. Wannan shi ne yawan kaɗawa.

Haka gidan rediyo ya ke yi, sai dai nasa igiyoyin na lantarki ne, ido ba ya ganinsu, ba su kuma bukatar ruwa ko iska su ɗauke su. Dogon ƙarfen nan da a ke kafawa a tashar aika magana shi ne makwafin dutsen. Eriyar akwatinku kuwa ita ce makwafin sandar. Ko wace tasha tana da nata tsawon igiya da nata yawan kaɗawa, da su ne akwati ke rarrabe ta da sauran tashoshi. In an faɗi tsawon, da mita a ke faɗa. In an faɗi yawan kaɗawar, da kilohaz ko megahaz a ke faɗa. Ashe ke nan tasha ɗaya ce mai suna biyu, kamar mutumin da a ke kira da sunan yanka a kuma kira shi da laƙabi.

Wani masanin lissafi na ƙasar Sikotilan, James Clerk Maxwell, shi ya fara nunawa da alƙalami, cikin 1865, cewa lalle akwai irin waɗannan igiyoyi, kuma gudunsu daidai ya ke da gudun haske. Sai wajen 1887 zuwa 1888 wani Bajamushe, Heinrich Hertz, ya tayar da su a ɗakin bincikensa, ya kama su, ya auna tsawonsu. Cikin watan Disamba na 1901 Marconi, mutumin Italiya, ya karɓi alama a tsibirin Niyufawunlan wadda aka aika daga Ingila, ta ƙetare tekun Atalantika ba waya.

GUDUN IGIYA

Ga gindin maganar. Igiyoyin rediyo duka, dogaye da gajeru, gudunsu ɗaya ne. Cikin sakan ɗaya su kan ci kilomita 299,792 da 'yan kai, watau kimanin mil 186,000. Don sauƙin lissafi a kan cike shi a ce kilomita 300,000, ko mita miliyan 300. Abin da aka ƙara bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, ba ya ɓata wa mai neman tasha kome. Don a gane irin wannan gudu, kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne. Abin da ke da wannan sauri zai kewaye ta sau bakwai da rabi kafin sakan ɗaya ya cika.

Tun da gudun ɗaya ne, tilas tsawo da yawa su riƙa yi wa juna rangwame. Ku dubi raƙumi da jaki in sun jera a ayari ɗaya, ba mai wuce wani. Raƙumi takunsa dogo ne, saboda haka taku kaɗan ya ishe shi. Jaki takunsa gajere ne, tilas ya yawaita taku kafin ya tafi daidai da raƙumi. In tsawon taku ya ƙaru, yawansa ya ragu. In tsawon ya ragu, yawan ya ƙaru. Amma in aka ɗauki tsawon takun ko wannensu aka ninka shi da yawan takunsa, tafiyar da suka ci ɗaya ce.

Ga wani misalin kuma daga wajen maɗinki. Ƙyalle mai yadi 12, in aka yanka shi gida 4, ko wane yanki yadi 3 ne. In aka yanka shi gida 6, ko wane yanki yadi 2 ne. To, ƙyallen rediyo shi ne mita miliyan 300 ɗin nan da igiya ke ci cikin sakan. Tashar da ke fid da igiya miliyan ɗaya cikin sakan ta yanka shi gida miliyan ɗaya, ko wace igiya ta sami mita 300. Wadda ke fid da miliyan shida kuwa, ko wace igiya tata mita 50 ce.

SUNAYEN MA'AUNI

Kaɗawa ɗaya cikin sakan ɗaya ita a ke kira haz, don tunawa da Hertz ɗin nan da aka ambata. Da ya ke igiyoyin rediyo suna kaɗawa da yawan gaske, a kan dunƙule su kamar haka:

Haz 1,000 shi ne kilohaz 1. A fuskar akwati a kan rubuta kHz.
Kilohaz 1,000 shi ne megahaz 1, watau haz miliyan ɗaya. A kan rubuta MHz.
Megahaz 1,000 shi ne gigahaz 1. A kan rubuta GHz.

Dā can ba haz a ke cewa ba, saikul a ke cewa. Cikin 1960 ne babban taron ƙasashe kan ma'auni ya tabbatar da sunan haz, sannu a hankali ya maye gurbin tsohon suna. Saboda haka wanda ya gāji tsohon akwati na zamanin da aka buɗe sashen Hausa na BBC cikin 1957, ko gidan rediyon Kaduna cikin 1962, zai ga an rubuta kc/s ko Mc/s a fuskarsa. Kada wannan ya dame shi. Kilosaikul da kilohaz abu ɗaya ne, megasaikul da megahaz abu ɗaya ne, lambar ba ta sāke ba ko kaɗan.

Juya kilohaz zuwa megahaz ba wuya. A raba da 1,000, watau a ƙirga lamba uku daga dama a sa ɗigo. Kilohaz 9,600 ya zama megahaz 9.600, a kan taƙaita a rubuta 9.6. In za a koma baya, a ninka da 1,000. Megahaz 15.3 ya zama kilohaz 15,300.

ƘA'IDA

In kuna da kilohaz kuna neman mita, ku raba 300,000 da kilohaz ɗin.
In kuna da mita kuna neman kilohaz, ku raba 300,000 da mitar.
In da megahaz a ke aiki, ku yar da sifiri uku, ku yi aiki da 300 a madadin 300,000.

Ku lura, hanyar zuwa da hanyar komowa ɗaya ce. Ko wanne aka ba ku, shi za ku raba babbar lambar da shi, ɗayan ya fito.

Misali na fari. Takarda ta ce kilohaz 600. A raba 300,000 da 600. A soke sifiri biyu nan, a soke biyu can, saura 3,000 a raba da 6. Amsa mita 500.

Misali na biyu. Tsohon akwati ya nuna tasha a kan mita 200. A raba 300,000 da 200. Amsa kilohaz 1,500.

Misali na uku. Shekara da shekaru mutanen Arewa sun saba da jin Rediyon Kaduna a kan kilohaz 6,090, wanda kowa ya sani da mita 49. Bari mu gwada mu gani. 6,090 sau 49 ya ba da 298,410. A ɗebe wannan daga 300,000, saura 1,590, watau kimanin rubu'in 6,090. Amsa mita 49 da rubu'i. Lissafi ya yi daidai da abin da kunne ya saba ji.

Misali na huɗu. An ce megahaz 15. A raba 300 da 15. Amsa mita 20.

Misali na biyar. An ce mita 25. A raba 300 da 25. Amsa megahaz 12, watau kilohaz 12,000.

Ko yaushe aka gama, ya kamata a gwada amsa. A ninka mitar da kilohaz ɗin. In abin da ya fito yana kusa da 300,000, aiki ya yi kyau. In ya fito 30,000 ko miliyan 3, to, sifiri ya ɓace ko ya ƙaru a hanya, sai a koma a nemo shi.

ZANGO-ZANGO

Don kada tashoshin duniya su tattake juna, akwai ƙungiyar ƙasashe mai kula da sadarwa, wadda aka kafa tun 1865, mazauninta yana birnin Janiba na ƙasar Suwizalan. Ita ke raba wa ko wane irin aiki nasa fili, na jiragen sama daban, na jiragen ruwa daban, na watsa labarai daban. Filayen watsa labarai da suka shafe mu uku ne.

Matsakaicin zango, wanda a ke rubuta wa MW, a wasu akwatunan kuma AM. A Afirka da Turai ya kama daga kilohaz 531 zuwa 1,602, watau daga mita 565 zuwa mita 187. Tun 1978 a ke jera tashoshinsa da ratar kilohaz 9 tsakanin ko wace da mai bi mata.

Zangon FM, daga megahaz 87.5 zuwa 108. Igiyoyinsa duka ba su wuce mita uku da rabi ba, ba su kuma gaza mita biyu da rubu'i uku ba.

Gajeren zango, wanda a ke rubuta wa SW. Shi an yanyanka shi gida-gida, ko wane gida da sunansa na mita. Ga waɗanda aka fi aiki da su:

Mita 60: kilohaz 4,750 zuwa 5,060
Mita 49: kilohaz 5,900 zuwa 6,200
Mita 41: kilohaz 7,200 zuwa 7,450
Mita 31: kilohaz 9,400 zuwa 9,900
Mita 25: kilohaz 11,600 zuwa 12,100
Mita 19: kilohaz 15,100 zuwa 15,800
Mita 16: kilohaz 17,480 zuwa 17,900
Mita 13: kilohaz 21,450 zuwa 21,850

A nan akwai abin lura ƙwarai. Waɗannan sunaye na mita kamar sunan unguwa su ke, kilohaz kuwa kamar ƙofar gida. In an ce wa manzo ya kai takarda unguwa kaza, ya san inda zai nufa, amma sai ya yi tambaya kafin ya sami gidan. Unguwar mita 49 fāɗinta kilohaz 300 ne, tashoshin gajeren zango kuwa a kan jera su da ratar kilohaz 5. Ke nan akwai mazaunin tasha wajen sittin a cikinta. Tashar da ke kan 6,090 da wadda ke kan 6,095, in an juya su zuwa mita, bambancin tsawon igiyarsu santimita huɗu ne kacal, bai kai fāɗin yatsa uku ba. Ba wanda zai iya rarrabe wannan a bakin magana. Shi ya sa gidajen rediyo da masu ƙera akwatuna suka karkata ga kilohaz, mita ta zama ta nuna unguwa kaɗai.

Har wa yau, wasu sunayen ƙiyasi ne na tun dā. Ku ɗauki mita 16. In aka raba 300,000 da 16, sai 18,750 ya fito, alhali unguwar ta ƙare tun a 17,900. Ainihin tsawon igiyoyinta ya fi kusa da mita 17. Haka mita 13, igiyoyinta sun fi kusa da mita 14. Saboda haka in takarda ta ba da sunan unguwa kurum, a duba jadawalin nan na bisa, a kai allura farkon unguwar, a bi ta a hankali har a ji muryar da a ke nema. In kuwa ta ba da kilohaz, lissafi ya isa.

INDA A KAN YI TUNTUƁE

Na ɗaya, kalmar mita a bakin mutanen yanzu. Za ku ji mai gabatar da shiri a tashar FM yana cewa ana sauraronsu a kan mita 99.5 ko mita 92.1. Al'ada ce ta bi baki tun zamanin gajeren zango, har kalmar ta zama ta lambar tasha ko wace iri. Amma a ƙa'ida waɗannan lambobi megahaz ne. Tashar da ke kan megahaz 99.5 tsawon igiyarta mita 3 ne da ɗan ɗoriya. Da a ce mita 99.5 ce da gaske, da sai a same ta wajen kilohaz 3,015, can nesa da zangon FM. To, duk lambar da aka ji tsakanin 87.5 da 108 tare da kalmar FM, a ɗauke ta megahaz, ba sai an juya kome ba.

Na biyu, gabar da allura ke bi. Tun da mita da kilohaz saɓanin juna su ke, a akwatin da aka rubuta duka biyu za ku ga lambobin kilohaz suna hawa ta wannan gefe, na mita suna hawa ta wancan. Wanda ke kan mita 49 yana son mita 25, lambar mita raguwa za ta yi, amma allura za ta nufi inda megahaz ke ƙaruwa, daga wajen 6 zuwa wajen 12.

Na uku, taƙaita lambobi. Masu ƙera ƙananan akwatuna su kan yar da sifiri don ƙarancin wuri. A layin MW za a ga 54, 60, 80, 100, 160, ma'anarsu kuwa 540, 600, 800, 1,000, 1,600. Sau da yawa a kan rubuta ×10 a ƙarshen layin don a tunasar da mai dubawa.

Na huɗu, maɓallin zango. Allura ɗaya ce ke bi ta kan layuka duka. Ko an kai ta daidai kan lamba, in maɓalli yana kan MW alhali tashar ta SW ce, ba za a ji ta ba. A akwatunan da ke da SW1, SW2 har zuwa gaba, a duba layin da lambar ta ke, a sa maɓalli a kansa tukuna.

Na biyar, 300,000 ɗin nan ta igiyar rediyo ce da haske. Ba a auna sauti da ita. Sauti a cikin iska kimanin mita 340 ya ke ci cikin sakan. Shi ya sa a kan ga walƙiya tukuna, sa'an nan a ji tsawa. In an ƙirga sakan uku tsakaninsu, nisan wurin kimanin kilomita ɗaya ne.

DARE DA RANA

Mai tambaya zai ce, don me tasha ɗaya za ta riƙa magana a mita 16 da rana, da dare kuma ta koma mita 41 ko 49? Dalili yana sama. Daga kimanin kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomita bisa kanmu, hasken rana ya kan cika iskar wurin da lantarki, har ta zama kamar rufi hawa-hawa. Wani Baturen Ingila, Edward Appleton, ya tabbatar da wannan da gwaji cikin 1924. Igiyar gajeren zango in ta tashi sama sai rufin ya karyo ta ƙasa, ta sauka a wata ƙasa mai nisa. Ta haka ne a ke jin London a Sakkwato ko Damagaram.

Da rana hawan da ke ƙasa-ƙasa ya kan yi kauri, yana shanye dogayen igiyoyi kafin su kai hawan da zai komo da su. Gajerun kuwa, irin su mita 19 da 16 da 13, su kan ratsa shi su kai can bisa a komo da su. In rana ta fāɗi wannan hawan na ƙasa ya kan watse, dogayen su sami hanya. Amma na bisa ma ya kan yi rauni, har gajerun su huda shi su wuce, ba su komowa. Saboda haka ga abin riƙewa: da rana a nemi ƙaramar mita, watau babban kilohaz, da dare da asuba a nemi babbar mita, watau ƙaramin kilohaz. Mita 31 da 25 suna tsakani, su kan yi amfani safe da yamma. Wannan dalili ne kuma ya sa da dare a ke jin tashoshin matsakaicin zango na garuruwa masu nisa waɗanda ba a jin ɗuriyarsu da rana.

Igiyar FM, mai mita uku, rufin nan ba ya komo da ita a yawancin lokaci. Tafiyarta miƙe ta ke kamar ta haske, tudu da dutse suna tare ta. Shi ya sa gundumar da ke nesa da babban gari ko bayan duwatsu ta kan rasa FM, ta dogara ga matsakaici da gajeren zango.

Da ya ke tsawon yini yana sākewa da lokutan shekara, manyan tashoshin gajeren zango na duniya su kan sāke lambobinsu sau biyu a shekara, ƙarshen watan Maris da ƙarshen watan Oktoba. In tashar da aka saba ji ta ɓace a waɗannan lokuta, kada a yi gaggawar kai akwati wajen mai gyara. Wataƙila ƙaura ta yi zuwa wata unguwa.

TSAWON ERIYA

Ga wani wurin da sanin mita ke da amfani ko ga wanda akwatinsa na zamani ne mai nuna lamba. Eriya ta fi kama igiya in tsawonta ya yi daidai da rubu'i ko rabin tsawon igiyar. Tashar FM da ke kan megahaz 100 igiyarta mita 3 ce, rubu'inta santimita 75. Wannan shi ne kimanin tsawon sandar ƙarfen da a ke zarowa a kan akwati. Wayar hannu, wadda ta shigo Nijeriya sosai cikin 2001, ɗaya daga zangunan da ta ke aiki da su yana wajen megahaz 900. A raba 300 da 900, ya ba da sulusin mita, watau santimita 33. Rubu'in wannan bai fi santimita 8 da kaɗan ba, shi ya sa eriyarta ta ɓuya cikin jikinta.

Gajeren zango kuwa igiyarsa doguwa ce, sandar akwati ta yi mata kaɗan. Wanda ke son eriya mai kyau ta mita 49, ya ɗauki rabin 49 da rubu'i, watau mita 24 da rabi da ɗan kai, ya rage kashi ɗaya cikin ashirin, domin igiya a jikin waya ta kan ɗan gajarta. Saura kimanin mita 23 da rabi. In da ƙafa magini ke awo, mita ɗaya ƙafa 3 ce da inci 3 da sulusi, saboda haka wajen ƙafa 77 ke nan. A raba wayar biyu daidai, a ɗaure a sama tsakanin itace biyu, a sauko da wayoyi biyu daga tsakiya zuwa akwatin da ke da wurin ɗaura su. Amma don sauraro kawai ba lalle sai an yi wannan duka ba. Wayar tagulla mai mita 10 zuwa 15, a rataye ta a sama, a maƙala bakinta a sandar akwati, ta kan ƙara ƙarfin murya ƙwarai.

A nan akwai gargaɗi biyu waɗanda rai ya rataya a kansu, muna roƙon hakimai su ja kunnen jama'a. Kada a ɗaura wayar eriya a jikin falwayar lantarki, kada kuma ta gilma ta bisa ko ta ƙarƙashin wayar wuta. In hadari ya taso kuwa, a cire ta daga akwati tun kafin a fara walƙiya, a fid da bakinta waje.

AIKIN MALAMIN HAKIMI

Ya kamata ko wane malami ya ware shafi ɗaya a littafin ofis, ya ja layuka biyar: sunan tasha, zango, kilohaz ko megahaz, mita, da lokacin shiri. Duk lambar da ta zo da ma'auni ɗaya, ya juya ta ya cika ɗayan layin nan take. In tashar waje ta ba da lokaci da agogon GMT, ya ƙara awa ɗaya ya sami agogon Nijeriya da Nijar. Ya sāke duba shafin a farkon Afrilu da farkon Nuwamba. In zai aika wa dagatai takardar sanarwa, ya rubuta ma'auni duka biyu tare da zango, domin bai san irin akwatin da ke ko wane ƙauye ba. Ranar sanarwa kuma ya nemo tashar tun da sauran rubu'in awa, ya tabbata batir yana da ƙarfi, kafin manya su zauna.

GWAJI

Amfanin ilmi aiki da shi. A rufe amsoshin da takarda, a gwada waɗannan.

1. Kilohaz 750 mita nawa ne?
2. Mita 250 kilohaz nawa ne?
3. Kilohaz 9,600 mita nawa ne, a wace unguwa kuma za a neme shi?
4. Megahaz 11.8 kilohaz nawa ne, a wace unguwa ya ke?
5. An ce tasha tana kan mita 90 a zangon FM. Mene ne ainihin tsawon igiyarta?
6. Tasha mai nisa tana magana a kan kilohaz 4,900 da kuma 15,300. Wanne za a nema da tsakar rana?

AMSOSHI

1. Mita 400.
2. Kilohaz 1,200.
3. Mita 31 da rubu'i, a unguwar mita 31.
4. Kilohaz 11,800, a unguwar mita 25.
5. Lambar megahaz ce. A raba 300 da 90, ya ba da mita 3 da sulusi.
6. A nemi 15,300, a unguwar mita 19. Ɗayan na dare ne.

Wanda ya ci shida, ya koya wa na kusa da shi. Wanda ya ci uku ko huɗu, ya koma kan ƙa'ida ya sāke bin misalan da alƙalami, sannu ba ta hana zuwa. Muna roƙon hakimai su sa a kwafe jadawalin unguwannin nan a manna a bangon ofis, inda dagatai da masu unguwanni za su gani in sun zo gaisuwa.